An canza shu amma birkin baya bai daina ƙara ba, ina matsalar take?

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na ga tambayarka, ka ce motarka Corolla ce ƙirar 2006, birkin baya yana yi maka wata ƙara ƙiiii musamman da safe da kuma idan ka zo tsayawa a hankali a danja, ka kai gareji an sa maka sabon shu, wato lanƙwasasshen ƙarfen nan mai lainin gugawa a fuskarsa da ke kama taya, ta yi shiru kamar sati biyu sai ƙarar ta dawo, yanzu kana tunanin ko diram ɗin ne, wato kwanon ƙarfen da ke juyawa da taya wanda shu yake kamawa ta ciki, gaba ɗaya za ka saya. Toh dan Allah kar ka sayi komai tukuna. Na daɗe ina aikin ƙafar mota, kuma irin wannan ƙorafin kusan kullum sai an kawo min shi, yawanci idan na buɗe ba kayan ne suka mutu ba, aikin ne ba a kammala shi ba. An cire tsoho an jefa sabo an mayar da taya, shike nan, ba a wanke ba, ba a shafa giris inda ya kamata ba, ba a duba cikin diram ba.

Ita wannan ƙarar ba wani abu ba ne illa karkarwa. Idan shu ko fad (takwaran shu a birki mai diski, wato mai faifan ƙarfe) ya kama ƙarfen da ke juyawa, maimakon ya riƙe shi lif sai ya riƙa kamawa yana saki yana kamawa yana saki da sauri sosai wanda ido ba zai gani ba, wannan karkarwar ce kunnenka yake ji kamar tsuwa. Shi kuma diram ai kamar kwano yake a kife, duk ƙaramar ƙarar da ta tashi a ciki sai ya ƙara mata amo. Saboda haka abin da muke nema shi ne me ya hana shu ɗin zama daidai a jikin diram.

Amma kafin a kwance ko noti ɗaya, ka saurari motarka na kwana biyu, domin lokacin da ƙarar take zuwa shi ne rabin amsar. Idan da safe ne kawai, ka taka birki sau uku ko huɗu ta ɓace ba ka ƙara jin ta sai washegari, wannan tsatsa ce ta raɓa, ko ta ruwan sama a damina, ko bayan ka dawo daga wankin mota. Ƙarfen diram da na diski suna saurin yin ja a dare ɗaya, shu yana goge ta sai a yi shiru. Wannan ba ciwo ba ne kar ka kashe masa ko sisi. Idan kuma duk sanda ka taka birki a hankali take yi, amma in ka taka da ƙarfi ba ta yi, kamar dai ta motarka, toh ƙura ce ta taru a ciki ko fuskar shu ta yi santsi ko wurin da yake zamewa ya bushe. Idan kana tafiya ba ka taka komai ba kake jin ciki-ciki-ciki tana bin juyawar taya, wani abu ne yake taɓa wani, ko birki bai saki ba, ko sifirin ya tsinke, ko tsakuwa ta maƙale. Wacce kuma nake so ka ji tsoronta ita ce ta gurzar ƙarfe da ƙarfe, gurrr mai kauri da kake ji har a ƙafarka, wannan lainin ya ƙare kenan ƙarfen shu ne yake cin diram, a ranar za ka ajiye motar a gyara. Akwai kuma wani gurnani wuuuu da ke ƙaruwa idan gudu ya ƙaru kuma ba ruwansa da taka birki, wannan boris ne na tayar baya, wato abin da taya take juyawa a kansa, mutane da yawa sun sayi shu a banza saboda shi.

Ka kuma tabbatar daga bayan ne. Wallahi sau da yawa mutum zai rantse baya ne ka buɗe ka tarar gaba ne, don ƙara tana yawo a jikin mota. Ka sami fili mara mutane, kana tafiya a hankali kamar gudun mai keke, ka danne maɓallin birkin hannu ka ja shi sama kaɗan kaɗan ba tare da ka taka na ƙafa ba. Birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake kamawa, in ƙarar ta fito a nan ka kama ɓarawonka.

Yanzu mu zo kan motarka. Irin wannan Corolla ɗin ta 2003 zuwa 2008 wadda aka fi shigowa da ita daga Amurka, yawancinsu diram ne a baya, haka ma Vibe da yawa. Ko da kanka za ka yi ko gareji za ka koma, ina so ka san abin da ya kamata a yi don ka tsaya a kai ka gani da idonka.

A ajiye mota a wuri mai lebur, a sa ta a fakin ko a giya, a dogare tayoyin gaba da dutse gaba da baya, domin dole a sauke birkin hannu in ba haka ba diram ba zai fita ba. A ɗaga da jak sannan a sa ƙarfen tokare a ƙasa, in babu ko tayar da aka cire a tura ta ƙarƙashin motar. Jak shi kaɗai ba abin yarda ba ne, na ga ya zame da idona. Idan diram ya ƙi fitowa ba sai an yi ta jibgarsa da guduma ba, ka duba fuskarsa akwai ramuka biyu ƙanana masu zare, ƙusa mai zare mai kaurin milimita 8 ake ɗaurawa a ciki, ana juya wannan kaɗan ana juya wancan kaɗan sai ka ga ya turo kansa waje. In ya taso ya tsaya kamar ana riƙe shi ta ciki, shu ne ya maƙale a bakin da diram ya yi, akwai wata 'yar roba ta bayan farantin da shu yake zaune a kai a cire ta a sassauta ajasta, wato abin da ke saita tazarar shu da diram, da sukundireba. Da ya buɗe, kafin a taɓa komai ka ɗauki hoto da wayarka, kuma a gama ɓangare ɗaya kafin a kwance ɗayan, saboda sifirin ɗin nan suna rikita har wanda ya saba.

Abu na farko da za ka gani baƙar ƙura ce, wani lokacin har cikin tafin hannu biyu. Diram rufaffe ne, duk abin da shu ya ci ba ya fita, ga ta hanya tana shiga ta haɗu da ita, balle lokacin hunturu ko wanda yake bin hanyar da ba kwalta kullum. Wannan ƙurar ita kaɗai tana sa ƙara. A nan ne nake faɗa da yaran gareji, sai ka ga yaro ya jawo bututun iska ya hura, ƙura ta turnuƙe kowa yana shaƙa. Kar a yi haka. Wasu lainin, musamman masu arha da tsofaffi, akwai asbestos a cikinsu, kuma shi in ya shiga huhu ba ya fita, ciwonsa sai bayan shekaru yake bayyana. Akwai feshin wanke birki na gwangwani ana sayarwa wajen masu kayan mota, shi ne daidai. In ba a samu ba ruwan sabulu da buroshi ya wadatar, a sa roba a ƙasa ta tare, a bari ya bushe. Fetur da kalanzir da gas kar su kusanci wajen, suna kumbura robar silindar da ke tura shu kuma kalanzir yana barin maiƙo.

Bayan an wanke ka dubi fuskar shu ɗin nan da aka sa maka. Nan ne nake zaton matsalarka take. Shu mai lafiya fuskarsa dishi-dishi take, in ka shafa za ka ji ɗan kaushi, kuma cin ya bi ta ko'ina daga sama har ƙasa. Amma idan ka ga wani wuri yana sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa, wani wurin kuma sabo fil ko taɓa shi ba a yi ba, toh shu ɗin bai zauna a diram ba. Dalili kuwa shi ne tsohon diram ya riga ya ɗan faɗaɗa, ya yi layi-layi daidai da tsohon shu, sai aka kawo sabo aka sa, sai ya zama ɗan wuri kaɗan ne yake ɗaukar duk aikin, wurin ya yi zafi ya ƙone ya yi santsi. Shi ya sa ta yi maka shiru sati biyu, lokacin da santsin yake haɗuwa kenan. Maganinsa samfefa mai ɗan kaushi, lamba 80 zuwa 120, a jiƙa fuskar kaɗan don ƙura, a goge sheƙin har ya tafi, sannan a ɗan kashe kaifin bakin lainin na sama da na ƙasa ya zama a karkace, don wannan kaifin ne yake fara cafkar diram ya tayar da karkarwa. Cikin diram ma a bi shi da samfefa a gicciye har ƙyallin ya dusashe, a sake wankewa.

Ka sa farcenka a cikin diram ɗin ka ja. In farce yana maƙalewa a ramuka, ko akwai wani tudu a baki inda shu ba ya kaiwa, samfefa ba za ta iya ba sai an kai wajen masu injin juya ƙarfe su share cikinsa. Amma sharewar tana da iyaka, a jikin kowane diram an rubuta iyakar faɗin da zai iya kaiwa, na irin motarka sabonsa milimita 200 ne iyakarsa 201, ka ga milimita ɗaya tak ke nan. In ya wuce haka ko ka ga tsagewa ko ya yi shuɗi-shuɗi na ƙuna, a nan ne za ka sayi wani, kuma biyu ake canzawa tare. Shi ma shu in lainin ya yi ƙasa ya kusa milimita 1 ya gama aiki, ni dai ba na bari ya kai nan, yana zuwa 2 nake cewa a canza.

Sai wurin da kusan kowa yake mantawa. Idan aka cire shu, a jikin farantin da ke baya za ka ga wasu 'yan tudu guda shida, uku kowane gefe, a kansu gefen shu yake zamewa duk sanda ka taka birki. Daga kamfani da ɗan giris suke zuwa, shekara da shekaru ya bushe, sai ƙarfe ya riƙa gugar ƙarfe. Ƙarar wannan tana da alama, ko mota a tsaye take in ka taka birki ka saki za ka ji ƙiƙ-ƙiƙ daga baya, gwada ka gani a gida injin a kashe. A kankare tsatsar wurin, a ɗiga giris na birki mai jure zafi, kaɗan fa, kamar ƙwayar gero a kowane tudu a shafa da yatsa. A sa kaɗan a zaren ajasta da inda kan shu yake dogara. Giris ɗin boris na yau da kullum in ya ji zafi narkewa yake ya gangaro kan lainin, kar a sa shi.

Tunda na zo maganar mai bari in ba ka wani labari. Wani ɗan haya ya taɓa kawo min mota ya ce birkin hannu ya daina riƙewa, in ya yi fakin a gangara sai ya sa dutse. Da na cire diram sai na ga shu ya jiƙe sharkaf ya yi baƙi ƙirin, ƙura ta haɗu da mai ta zama kamar kwaɓaɓɓen gawayi, na shafa na shinshina na ji baƙin mai ne. Ashe ƙara ta dame shi, wani ya ba shi shawara ya tsiyaya baƙin mai ta bayan faranti, ya yi, ƙarar ta ɗauke ɗif shi kuma ya ji daɗi, kusan wata guda yana ɗaukar fasinja da birkin gaba kaɗai bai sani ba. Raina ya ɓaci ranar sosai. Shu ɗin da ya sha mai ba ya wankuwa, ko ka wanke saman in ya yi zafi sai ya sake tsatso shi daga ciki, zubar da shi ake yi. Don haka duk wanda ya ce maka a fesa wani mai a birki don ya yi shiru, ko wane iri ne, kar ka yarda.

Kuma ba sai an zuba daga waje ba, motar da kanta tana iya yi. A saman farantin akwai ƙaramar silinda mai roba a kowane gefe, ita take tura shu. Ka ɗaga bakin robar da yatsa ka leƙa, ya kamata ka gan shi a bushe. In ka ga danshi ko man birki ya ɗigo, silindar tana yoyo, kuma shu da ya sha man birki yana ƙara yana kuma cafka da ƙarfi ba zato, taya ɗaya ta riƙa kullewa. Idan kana yawan ƙara man birki a kwanakin nan ka faɗa wa makanikinka. A canza silindar, a canza shu na ɓangare biyun, a fitar da iska, a cika da man da aka rubuta a murfin kofin, na motarka DOT 3 ne.

Sifirin ma ka dube su. Manyan da ke janyo shu baya in sun gaji ba sa dawo da shi gaba ɗaya, sai ya riƙa shafar diram yana zafi. Ƙananan da ke danne shu a jikin faranti in sun yi laushi sai shu ya riƙa rawa. Ba su da tsada amma ba kasafai ake canza su ba, wani ma waya za ka tarar an ɗaure da ita. Daga ƙarshe a saita ajasta, a buɗe ta har shu ya fara shafar diram sannan a dawo da ita kaɗan, taya ta juya da hannu ba nauyi. Birkin hannu kuma in ka ja shi ya kama tsakanin ƙarar ƙas 6 zuwa 9. Kuskuren da ake yi shi ne a bar ajasta a sake sannan a je a ɗaure wayar birkin hannu don ya kama da wuri, wannan yana hana shu komawa mazauninsa. Hanyar ganewa mai sauƙi, ka yi tafiyar minti goma ba ka cika taka birki ba, ka sauko ka kai bayan hannunka kusa da wilin baya na dama da na hagu, in ɗaya ya fi ɗaya zafi sosai wannan gefen bai saki ba.

Ga masu karantawa da motarsu diski ce a baya, maganar kusan ɗaya ce sai 'yan bambance-bambance. Fad da yawa suna da wani ɗan harshen ƙarfe a gefe da kamfani ya sa da gangan, in fad ya rage kamar milimita 2 zuwa 3 sai ya fara taɓa diski yana tsuwa, sanarwa ce cewa lokacin canji ya yi, ba a lanƙwashe shi a ci gaba da tafiya. Fil guda biyu da kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad a jikin diski, take zamewa a kansu su ne suka fi kawo matsala a baya, in ɗaya ya ƙame za ka ga fad na ciki ya cinye na waje yana nan da kauri, a zaro su a wanke a sa giris na silikon don shi ne ba ya kumbura roba. 'Yan faifan ƙarfe sirara da ke bayan fad kar a yar da su, aikinsu kenan kashe ƙara. Masu Accord mai diski a baya da masu Golf ku lura, a yawancinsu fistin ɗin kalifar baya murɗa shi ake yi yana shiga, ba a danna shi da ƙarfi kamar na gaba, wanda ya matse shi da ƙarfin tsiya ya lalata birkin hannun da ke ciki. Camry mai diski a baya kuma yawanci tana da wasu ƙananan shu na birkin hannu a ɓoye cikin tsakiyar diskin, sau da yawa ƙarar daga can take ana ta canza fad a banza. Sannan farantin kare ƙura da ke bayan diski in ya lanƙwashe ko tsakuwa ta shiga, tura shi da hannu kawai yake warware magana.

Ingancin kaya ma yana ciki. Ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ka je ko Panteka ta Kaduna za ka tarar da shu kala-kala a kwali iri ɗaya, wani lainin ɗinsa tauri ne da shi kamar dutse, ba ya cinyewa da wuri amma diram yake ci kuma ba ya daina ihu. In an yi duk abin da na faɗa ƙarar ta sake dawowa bayan 'yan kwanaki, toh shu ɗin ne, ka nemi mai kyau wajen wanda ka yarda da shi ko da ya fi tsada. Birkin baya ba ya cinyewa da sauri tunda na gaba ne yake ɗaukar mafi yawan nauyin tsayawa, in ka sa mai kyau sai ka yi shekaru ba ka waiwaye shi ba.

In an gama an mayar da taya, a ɗaure noti a gicciye, kuma ka taka birki sau da yawa ya yi tauri kafin ka motsa motar. Sai ka fita hanya mara cunkoso, ka kai gudun kilomita 50 ka taka birki matsakaici har ka sauko kamar 10 ba tare da ka tsaya cak ba, ka sake haka sau takwas zuwa goma kana ba da ɗan tazara tsakani, sannan ka yi tafiya kaɗan ya huce kafin ka ja birkin hannu. Wannan ne yake sa shu ya kwanta a jikin diram daidai. Kwanakin farko ka guji birkin gaggawa in ba dole ba.

Ni a taka motar, yadda ka bayyana, zan fara da wanki da samfefa da giris a tudun nan shida da saitin ajasta, aikin da bai wuce awa ɗaya da rabi ba kuma ba sayen kaya a ciki sai gwangwanin feshi da samfefa da giris. Ka koma wajen wanda ya sa maka shu ɗin ka ce a buɗe kana tsaye, ka ɗauki hoton fuskar shu da cikin diram da robar silinda a ɗage, ka turo min in gani. Allah Ya tsare hanya.